Miyar Manoman Faransa a Dandalin Disney: Me Ƙaraye da Rogo Za Su Ɗauka?

Akwai wani wuri a jihar Fulorida ta Amurka da mutum zai biya sama da dala 100 kuɗin shiga kawai. Zai tarar da jiragen wasa da majigi iri-iri, amma ya bar su ya je ya zauna sama da awa guda a kan tebur yana shan miyar albasa, kuma ya sake biyan wani kuɗin daban. Sunan wurin Epcot, gidan abincin kuma Les Chefs de France. Tun 1982 ake dafa abinci a cikinsa, kuma har yau a lokacin hutu wanda bai kama tebur da wuri ba yana iya dawowa da yunwarsa.

Wani zai ce, to mu da muke lallaɓa garau-garau da awara kafin a shiga lakcar ƙarfe biyu, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Da yawa cikinmu daga Ƙaraye muke, ko Rogo, Kiru, Kabo da Gwarzo. In an gama difloma an yi bautar ƙasa, maganar ita ce ina aiki. A Ƙaraye kuwa akwai ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa na jihar Kano. Babu dandalin Disney a can, babu kuma gidan abincin Faransa a Rogo. Amma wanda ya gane dalilin da ya sa waccan miyar albasa take sayuwa, ya gane abin da za a iya sayarwa a bakin ruwanmu. Abin da ake biya wa kuɗi a can tsari ne da labari da amana. Abincin kansa, kamar yadda za mu gani, kusan duk kayan haɗinsa akwai su a fadama.

Wane irin wuri ne wannan?

Wurin wasa kala biyu ne. Akwai wanda aka jera lilo da motocin yara, ka biya ka hau ka sauka, shi ke nan. Akwai kuma wanda aka gina shi kan labari guda: gini, kiɗa, kayan ma'aikata, har abincin da za ka ci, duk suna nuna maka cewa ka shigo wata duniya. Na biyun shi ne kasuwancin Disney tun daga dandalinsu na farko da suka buɗe a Kalifoniya a 1955.

An buɗe Epcot ranar 1 ga Oktoba, 1982, kusa da birnin Orlando. Rabin dandalin tafki ne da aka kewaye da unguwanni 11, kowace tana wakiltar wata ƙasa. Akwai Sin, Japan, Jamus, Italiya, Meziko da sauransu. Daga Afirka Maroko ce kaɗai, an buɗe tata a 1984, kuma Sarki Hassan na Biyu ne ya aika magina da masu zane daga ƙasarsa suka yi aikin da hannunsu. A unguwar Faransa an yi 'yar ƙaramar hasumiyar Eiffel, wajen kashi ɗaya cikin goma na tsayin ta Paris, aka yi shaguna da fitilun titi irin na tsohon birnin. Masu kawo abinci da yawansu matasa ne da ake ɗaukowa daga Faransa su yi aiki na ɗan lokaci. Da Faransanci za su gaishe ka. Wannan gaisuwar ma tana cikin abin da ka biya.

Su wa ke dafawa?

Disney ba su ce sun iya girkin Faransa ba. Sai suka nemo masu abin. Mutum uku ne suka kafa Les Chefs de France: Paul Bocuse, mutumin yankin Liyon, wanda gidan abincinsa ya samu taurari uku na littafin Michelin a 1965, Roger Vergé daga kudancin Faransa, da Gaston Lenôtre, gwanin kek da kayan zaƙi. Taurari uku ita ce daraja mafi girma da wannan littafi yake bai wa gidan abinci. Bocuse ya rasu a watan Janairun 2018, ɗansa Jérôme ne yake riƙe da harkar a Epcot.

Ku lura da wani abu. A unguwar Faransa ba gidan abinci ɗaya ba ne. Akwai gidan burodi, inda za ka bi layi ka sayi burodi ko kek ka nemi wuri ka ci. Akwai Les Chefs de France na iyali masu matsakaicin ƙarfi. A samansa kuma akwai Monsieur Paul, da aka buɗe a 2012, inda ake da dokar irin kayan da za ka saka, kuma lokacin da aka sake buɗe shi a 2022 kuɗin cin mutum ɗaya ya kusa dala 200. Mai ɗan canji da mai hali da attajiri, kowa an yi masa ƙofarsa. Ba wanda zai fita da kuɗinsa a aljihu don an rasa abin da za a sayar masa.

Yadda ake cin abincin

A ce Allah ya kai ɗayanmu can, ko wani otal a Abuja, Yamai ko Kwatano mai irin wannan tsari. Ga yadda abin yake tafiya.

Da farko ana kama tebur tun kafin a zo. A dandalin Disney na Fulorida ana buɗe rajista kwana 60 kafin ranar. In ka iso ba ka zarcewa ka zauna inda ka ga dama, a bakin ƙofa za ka tsaya a kai ka. Za a kawo burodi, dogon nan da duk wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ya sani. Kada ka cika cikinka da shi, somin taɓi ne.

Abincin bi da bi yake zuwa, ba a haɗa maka komai a faranti ɗaya. Na farko ɗan kaɗan ne na buɗe ciki, miya ko ganye, Faransawa suna ce masa entrée. Sai babban abinci, kifi ko nama da kayan lambu, shi ne plat. Wani lokaci a kawo cuku. A rufe da kayan zaƙi, dessert. Amurkawa su kuma babban abincin suke kira entrée, don haka a Fulorida sai ka duba takardar da kyau. In ka ga cokula da wuƙaƙe a jere, fara da na waje ka riƙa matsowa ciki. A 2010 hukumar UNESCO ta saka wannan zaman cin abinci na Faransawa cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ba wani girki guda aka karrama ba, zaman ne kansa: zaɓen kaya masu kyau, jera tebur, bin tsari, da hira.

Wajen biya akwai bambanci. A Faransa ladan mai hidima yana cikin farashi, ruwan famfo a tulun gilashi kuma kyauta ne in ka nema. A Amurka kuwa al'ada ce ka ƙara wajen kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin, ga haraji da ba ya cikin farashin da ka gani a takarda. Wanda bai san haka ba zai sha kunya.

Sai maganar da ta fi damun yawancinmu: me ke cikin tukunyar? Girkin Faransa yana yawan amfani da giya da naman alade, kuma ba kullum ake gani da ido ba. Kalmomi huɗu za ka riƙe: porc shi ne alade, jambon da lardons duk daga jikinsa suke, vin kuma giya ce. Shahararren farfesun sa da ake kira boeuf bourguignon da jar giya ake dafa shi, galibi har da guntayen alade. Miyar albasar ma sau da yawa ana ɗiga mata giya. Escargot dodon koɗi ne da man shanu da tafarnuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai kawo abinci kai tsaye, ko ka tsaya kan kifi da kayan lambu ka ce a bar romon a gefe. A irin waɗannan wurare tambaya ba ƙauyanci ba ce, an horar da su su amsa, domin kullum suna karɓar masu ciwon da wani abinci yake tayarwa.

Sirrin yana kicin

Ta yaya ake ciyar da ɗaruruwan mutane a yini, kuma farantin ƙarfe ɗaya ya zama daidai da na ƙarfe takwas na dare? Amsar ta girmi Disney. Auguste Escoffier, wanda ya fitar da babban littafinsa na girki a 1903, shi ya tsara kicin kamar rundunar soja. Akwai shugaba, akwai mataimakinsa, akwai mai romo, mai kifi, mai gashi, mai kayan zaƙi, har mai wanke-wanke, kowa da wurin tsayuwarsa. Kafin baƙo na farko ya shigo an yanka albasa, an tace romo, an auna komai an ajiye inda hannu zai kai. 'Yan sashen kula da baƙi da otal sun san wannan a littafi. Abin da ya rage shi ne a gan shi a aikace.

Na biyu, jerin abincin gajere ne. Ba a yi wa baƙo alkawarin kala 50 sannan a ce masa babu. Na uku, lissafi. Ɗauki misali: rumfa mai tebur 10, kowane da kujera 4, mutum 40 ke nan a zama ɗaya. In kicin yana da sauri aka yi zama uku a yini, an sayar da faranti 120. In ana jan ƙafa aka yi biyu, 80 ne. Kuɗin haya ɗaya, albashi ɗaya, man janareta ɗaya. Ribar tana cikin waɗancan 40 da suka ɓace. Ƙa'idar da aka saba koyarwa kuma ita ce kayan girki kada su wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na farashi. In kifi da mai da kayan miya sun ci naira 1,000, ka sayar a 1,500, wallahi aikin banza kake yi, domin ba ka saka gawayi da sabulu da ladan yaranka ba.

Kada kuma a ɗauka don mutum yana cikin dandali dole ya saya. A dandalin Fulorida an yarda ka shigo da abincinka daga gida, ban da giya da kwalaben gilashi. Ke nan gidan abincin yana gasa da kular da uwa ta ɗauko, kamar yadda iyayenmu mata suke yi in za a kai yara Gidan Zu da Sallah. Sai ya ba ka abin da kula ba za ta ba ka ba: inuwa, wurin zama, banɗaki mai tsafta, da abin ba da labari in an koma gida.

Da aka kai wa Faransawa nasu

Ranar 12 ga Afrilu, 1992, Disney suka buɗe dandali a Marne-la-Vallée, kilomita 32 gabas da Paris. Nan suka gane cewa da ɗan gari akan ci gari. Sun zo da tsarin Amurka, inda mutane suke ci a tsaitsaye a kowane lokaci. Turawan nahiyar kuwa ana yin sha biyu da rabi kowa yake neman tebur lokaci guda, layi ya yi tsawo, rai ya ɓaci. Sun zaci ba a damu da karin kumallo ba, sai ga jama'a sun cika ɗakunan cin abincin otal da safe. Sun kuma hana giya a dandalin, a ƙasar da ta saba sha a kan abinci, dole suka janye dokar a 1993. Ga tsada, ga bashi, shekarun farko asara aka tafka, har aka canza sunan wurin daga Euro Disney zuwa Disneyland Paris a 1994.

Darasinmu a nan ba giya ba ce. Darasin shi ne al'adar mai saye ita ce doka. A wajenmu hakan yana nufin masallaci da wurin alwala, ɓangaren iyali inda mace za ta sake ta ci abinci, da sanin cewa bayan Azahar da bayan La'asar jama'a za su taso, ranar Juma'a kuma sai an sauko.

A 2014 suka buɗe wani gidan abinci a can mai suna Bistrot Chez Rémy, wanda aka gina kan fim ɗin Ratatouille na 2007, labarin ɓeran da ya iya girki. E, ɓera a kicin, abin da a gidanmu da taɓarya za a bi shi. An yi kujeru da tebura kamar manyan murafan kwalba, don ka ji kamar kai ne ka koma girman ɓera. To mene ne ita ratatouille ɗin? Miyar manoman kudancin Faransa ce, wajen birnin Nice: yalo, wani ɗanyen kabushi, tattasai, tumatir, albasa, tafarnuwa da man zaitun. Abincin talaka ne na lokacin da kayan lambu suka yi yawa. In ka cire man zaitun, me ke ciki da mai lambu a Ƙaraye bai sani ba? An yi mata labari, an zuba ta a faranti mai kyau, mutane suna kama tebur don su ci.

Mu dawo gida

Madatsar ruwan Challawa tana ƙaramar hukumar Ƙaraye, wajen kilomita 90 daga birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayin bangonta mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Disney sai da suka haƙa tafkin Epcot da kuɗinsu. Namu yana nan a shimfiɗe, da masunta da karfasa da tarwaɗa. Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ƙasar noma ce: masara, dawa, rake, kayan miya. Tun dokar 2024 kuma waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne masarautar Ƙaraye, mai fada da hawan Sallah da tarihi. Ruwa, abinci, labari. Abubuwan da ake gina irin wancan wuri a kansu ke nan.

Ba cewa ake a dafa dodon koɗi a Ƙaraye ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tsarin za a ɗauka a ɗora a kan namu. A buɗe da kwaɗon zogale ko rama, ɗan kaɗan. A kawo gasasshiyar karfasar da aka kamo da safe, da gurasa ko dambu. A rufe da fura da nono mai sanyi, ko alkaki, ko ɗan gutsuren mazarƙwaila da shayi. Mai kawo abincin ya iya gaya wa baƙo daga wane ƙauye nonon ya zo, da sunan kifin, da yadda ake kama shi. A rubuta farashi a allo kowa ya gani. A yi ƙofa uku kamar Epcot: mai tsire da zoɓo na ɗalibai, rumfar iyali, da wurin da za a kama tun daga Kano don walima ko taron ofis.

Amma a yi hattara, domin Kano ta taɓa gwada irin wannan. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, an gina otal ɗin Bagauda a bakin ruwa, don jawo masu yawon buɗe ido. Otal ɗin ya yi tashe, daga baya ya ja baya, yau harabarsa makarantar horon lauyoyi ce. Gini shi kaɗai ba ya riƙe baƙo. Abin da yake riƙe shi shi ne gyara kullum, da ma'aikacin da aka horar, da abincin da ɗanɗanonsa ba ya canzawa.

Akwai kuma abubuwa uku da ba a wasa da su. Na ɗaya izini: madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, ga ƙaramar hukuma, ga masu unguwanni da sarkin ruwa. Ba a kafa rumfa a bakin dam da ka. Na biyu sanyi: kifi da nono ba sa jira, wanda ba shi da firji mai sola ko ƙanƙara zai sayar wa mutane ciwon ciki, kuma sau ɗaya ya isa ya kashe kasuwa. Na uku rai. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa mutane da dama, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Duk wanda zai haɗa abinci da yawo a ruwa, rigar ruwa ga kowane fasinja da ƙayyade adadin mutane su ne farko, kafin a hura gawayi.

Aikin kuwa ba na 'yan girki kaɗai ba ne. Ɗan sashen zanen gini zai tsara rumfar da iska take ratsawa. Ɗan lantarki ya haɗa sola. 'Yar akanta ta riƙe littafi. Ɗan kwamfuta ya yi hanyar kama tebur ta WhatsApp. 'Yan kimiyyar abinci su duba tsafta, 'yan aikin jarida su ɗauki hoto. Kowace shekara muna rubuta furojet a ɗaure da bango mai kyau a ajiye a kanta, ƙura ta rufe. Me zai hana rukuni ɗaya a wannan zangon su ɗauki wannan a matsayin nasu? Su je Ƙaraye su zauna da masunta su ji farashin kifi a damina da rani, su ƙirga motocin da suke zuwa bakin ruwa ranar Asabar, su tambayi iyalai 50 a Kano nawa za su iya kashewa a fita ta yini ɗaya. In lissafin ya nuna ba za ta fita ba, an samu maki an kuma huta da asara. In ya nuna za ta fita, tebur 10 da rumfa ɗaya sun isa a fara da Sallah mai zuwa.

Ƙungiyar ɗalibai za ta iya taimakawa da abu ɗaya mai sauƙi: cikin tafiye-tafiyen da ake shiryawa duk shekara, a sa Challawa a jeri, a bar 'yan sashen kula da baƙi su ciyar da motar gaba ɗaya bi da bi, su riƙe lissafi, su kawo rahoto a wannan mujalla. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu ci gajiyar abin da muke karantawa.